Ko canjin kuromosom na nuna makomar mai sankarar hanji?

Malam, ka tambaya ko canje-canjen da ake gani a kuromosom ɗin ƙari suna iya nuna yadda mai sankarar babban hanji zai ƙare. Suna ba da haske, amma ba su kaɗai ake dubawa ba.

Ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, wato ƙunshin da ƙwayoyin gado suke ciki, sai dai a yawancin wannan sankara lissafin yakan rikice, wani yanki ya ɓace, wani ya ninku. Masu bincike Fearon da Vogelstein sun bayyana a 1990 yadda hakan ke faruwa daki-daki: lalacewar ƙwayar gado ta APC a kuromosom na 5, sannan sauyi a ƙwayar gado ta KRAS, sannan asarar yankin 18q (dogon hannun kuromosom na 18) da na 17p (gajeren hannun kuromosom na 17), inda ƙwayar gado ta TP53 take. An fi nazarin 18q, inda ƙwayar gado ta SMAD4 take, wadda ke taka wa girman ƙari birki, kuma binciken farko ya danganta ɓacewar yankin da saurin dawowar cutar bayan tiyata. Amma binciken da ya biyo baya bai yi ittifaƙi ba, shi ya sa likitoci ba sa dogara da wannan gwaji wajen zaɓen magani.

Wanda ya fi amfani a asibiti, a ganina, shi ne gwajin MSI, wanda ke gano ko ƙwayoyin ƙarin sun kasa gyara kurakuran da ke aukuwa wajen kwafar ƙwayoyin gadonsu. Kusan kashi 15 cikin ɗari na masu cutar suna da wannan siffa, kuma a mataki na biyu sukan fi samun sauƙi, ko da yake maganin sankara na 5-FU shi kaɗai ba ya ƙara musu komai. Har yanzu dai matakin da cutar ta kai, wato zurfin ƙarin a bangon hanji da yaɗuwarsa zuwa kaluluwa ko hanta, shi ne babban ma'auni.