Ku Tambaya Mu Amsa: Yunit, Si'e da Kari-oba, Me Suke Nufi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bana na samu gurbin karatun Kimiyyar Sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello, harabar Samaru. Tun ranar rajista nake jin ana cewa yunit, si'e, GPA, kari-oba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Don Allah a warware mini.
Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki. Kin kyauta da kika tambaya tun da wuri, domin da yawa sai sakamako ya fito suke gane ma'anar waɗannan kalmomi.

Mu fara da yunit, don shi ne ma'aunin komai. Yunit ɗaya na nufin lakcar awa ɗaya kowane mako har ƙarshen zango, ko wajen awa uku na aikin ɗakin gwaji. Kwas mai yunit 3 ya fi mai yunit 1 nauyi sau uku a lissafin sakamakonki. A ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ɗalibi kan yi rajistar yunit 15 zuwa 24 a zango.

Si'e kuwa shi ne makin da ake tarawa kafin jarrabawa: gwaji, jinga, rahoton ɗakin gwaji. Yakan kai 30 ko 40 cikin 100. Wanda ya shiga zauren jarrabawa da si'e 8 cikin 40 ya riga ya ɗora wa kansa dutse.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. A tsarin maki biyar, 70 zuwa sama A ne, darajarsa 5. Daga 60 zuwa 69 B, 4. Daga 50 zuwa 59 C, 3. Daga 45 zuwa 49 D, 2. Daga 40 zuwa 44 E, 1. Ƙasa da 40 F ne, sifili. Ana ninka darajar da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimlar yunit. Abin da ya fito shi ne GPA na zangon.

Ɗauki biro mu gwada. Lissafi mai yunit 3 kin ci A, 15 ke nan. Sinadarai mai yunit 2 kin ci C, 6. Aikin ɗakin gwaji mai yunit 1 kin ci B, 4. Fiziks mai yunit 2 kin samu F, sifili. Jimla 25, a raba da yunit 8, ya ba da 3.13. Da a ce C kika samu a fiziks ɗin nan, da 3.88 gare ki. Kin ga ɓarnar F guda ɗaya.

Wannan F shi ne kari-oba: sai kin sake rajistar kwas ɗin baɗi, ki zauna da na bayanki. Yunit ɗinsa zai cinye gurbi cikin 24 ɗin da aka yarje miki, lokacin lakcarsa na iya cin karo da na sabon ajinki. In kuma kwas ne da sai an ci shi ake ɗaukar na gaba, ya tare miki hanya. Haka ake ƙara shekara, abin da ɗalibai ke kira sifil-oba.

CGPA tarin dukkan zangunan ne tun daga aji ɗaya, shi ke yanke darajar digiri: 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama. Da yunit suka taru, ɗaga shi sai a hankali, shi ya sa nake matsa wa 'yan aji ɗaya lamba.

Kafin ki miƙa fom ɗin rajista, kai shi wurin kodinetan ajinku ya duba lambar kowane kwas, ki kuma ajiye kwafi biyu. Kwas ɗin da ba ki yi rajistarsa ba, ko kin rubuta jarrabawarsa ba za a lissafa miki ba. Wanda kika yi wa rajista kuma kika ƙi zama, F za a rubuta.