Filin Tambaya da Amsa: Gogen da ya ƙi magana

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin zane ne a Zariya. Na haɗa goge da hannuna, da ƙoƙon duma da sanda da jar fatar akuya da na saya wurin dukawa. A ido ya yi kyau, amma in na ja shi sai murya ta fito a shaƙe kamar mai mura. Ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fatar ce ta cuce ka. Jar fatar dukawa an jeme ta da bagaruwa don ta yi laushi, ta jaka ce da takalmi. Abin kiɗa ɗanyar fata yake so, wadda aka kankare gashinta aka shanya ba a jeme ba, domin ita ce in ta bushe take tsukewa ta ɗaure kanta. Masu goge fatar guza suke sawa. In ba ka samu ba, nemi ta ɗan akuya marar kauri.

Ka sake daga farko. Zaɓi ƙoƙon da ya ƙosa ya bushe, faɗin bakinsa kamar santimita 20. Ƙwanƙwasa shi da farce: in ya amsa ƙwar-ƙwar ɗauka, in ya yi dum ajiye. Kankare cikinsa, ka huda kafofi 2 da sandar za ta ratsa tun kafin ka ɗora fata. Jiƙa fatar a ruwan sanyi, ta akuya ta kwana, ta guza awa 3 ko 4 sun isa. Ban da ruwan zafi, dafa ta yake yi.

Wurin ɗaurawa ake yawan yin ɓarna. Kada ka bi bakin ƙoƙon kana zagayawa, fatar za ta taru gefe guda ta yi tattara. Kafa ƙusa ɗaya, ja fatar ka kafa ta biyu daura da ita, sannan dama da hagu, haka har ka cike, tsakanin ƙusa da ƙusa faɗin yatsa. Fara huda wurin kowace ƙusa da basilla, in ba haka ba ƙoƙon ya tsage. A inuwa za ta bushe, kwana 2 zuwa 3. Sai ta bushe sarai za ka yanka kafar da sauti ke fita, a gefe, nesa da inda jaki, wato ɗan icen da ke ɗage tsagiya daga kan fata, zai zauna.

Duba tsagiyar ma. Gashin wutsiyar doki yana da maiƙo, sai an wanke shi da sabulu, an taje shi ya kwanta ba sarƙewa, an goga masa ƙaro irin na hano. Ba ƙaro, ba kamu, sai santsi. Da damina kuwa ko gogen gwani yakan saki, shanya shi a hantsi kaɗan ya dawo.

TAMBAYA: Ina yi wa ƙwarya zane a Maraɗi, yanzu na fara yi wa gurmi da goge ado ina sayarwa. Biyu sun tsage mini wajen ƙuna, wani makaɗi kuma ya dawo mini da nasa wai fenti ya kashe masa sauti.

AMSA: 'Yar'uwa, makaɗin nan gaskiyarsa. Fentin mai yana yi wa fata nauyi ya hana ta rawa, saboda haka fuskar fata a bar ta tsirara. Adonki ya tsaya a bayan ƙoƙo da jikin sanda, kuma a gama shi kafin a ɗora fata, don zafin ƙarfe yana ƙona ta.

Tsagewar kuwa dannawa ce ta jawo. Ƙoƙon da aka kankare ya fi ƙwaryar fura rauni. Fara zanawa da fensir, ki bar ƙarfen ya yi zafi sosai ya ci da kansa, hannu yana tafiya ba tsayawa. Bar faɗin yatsu 2 daga baki ba zane, nan ƙusoshi za su shiga. Wanda ya riga ya tsage, huda 'yar kafa a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ki kai wa gyartai ya ɗinke. Zai yi ado a bango, amma kada ki sayar wa makaɗi, zizar ɗinkin za ta fito a sauti.

Jemammiyar fatar da muka hana mai tambaya na farko, a nan take da amfani: naɗe sanda da ita, ja na karan dafi da baƙi na kuloko, da 'yar geza a ƙarshe. Farin wuri kuma, in za ki sa, a ɗinke shi tam a jikin fatar naɗin, in ya yi lilo zai riƙa kaɗa nasa kiɗan.

TAMBAYA: Da gaske ne da gwangwani ake yin kuntigi?

AMSA: Da gaske. Gwangwanin kifin sadin ne ake rufewa da fatar akuya, a sa masa sanda da tsirkiya ɗaya, kuma da shi marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi suna. Ga mai koyo ya fi goge sauƙi, tunda gwangwani ba ya tsagewa. Sai dai ka daddake bakinsa da guduma ya dakushe tukuna, in ba haka ba ranar da fatar ta tsuke shi zai yanke ta.