Littafin jagora a tsofaffin biranen Turai

Ɗan'uwa, ka tambaya ko littafin jagorar matafiya yana da sauran amfani, tunda ga waya a hannu. Yana da shi ƙwarai, ka saya. A tsohuwar unguwar Albaicin ta Granada, ƙasar Sifen, lunguna sun matse har taswirar waya ta ɓatar da ni. Shafin da na naɗe a aljihu ne ya fishe ni. A nan na karanta yadda Musulmi suka miƙa birnin a 1492, ina tsaye ina hangen jar ganuwar Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmin Granada.

Amma kada ka dogara da shi kan kuɗin shiga, yana canzawa. Tikitin fadar Alhambra yakan ƙare da wuri, ka yanka ta intanet tun kana gida.