Iska Ɗaya Ce a Hausa, Turanci Ne Ya Rarraba Ta

Tambaya: Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, ina shirin zana WAEC. A wani insha'i na rubuta "The air was blowing strongly and it removed our roof", sai malam ya ja jan biro a ƙarƙashin "air". Ƙamus kuma ya ce "air" ita ce iska. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa. Bahaushe da sunan iska yake kiran wadda yake shaƙa, da wadda take karya reshe, da wadda mai faci yake ba taya, har da waɗanda ake cewa sun hau kan mutum. Bature bai haɗa su a kwando ɗaya ba. Don haka kafin ki ɗauki kalma, ki fara tambayar kanki: iskar nan zaune take, ko kaɗawa take yi?

"Air" ita ce iskar kanta, abin da ya cika ɗaki da huhu da ƙwallo. Kusan kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, kusan kashi 21 oksijin. Ana shaƙar ta, ana gurɓata ta, ana hura ta a taya, amma ba ta yaye rufi. Da zarar ta tashi tana kaɗawa a fili, ta koma "wind". Ga jimlarki a gyare: "The wind was blowing strongly and it tore off our roof." Na canza miki "removed" ma, domin wannan kalmar ta fi dacewa da kafinta mai cire kwano da guduma a nutse.

"Air" a wannan ma'anar ba ta ƙirguwa, saboda haka ba a sa mata "an" ko "s". Sai dai a ce "some air". In kika ga "airs", zance ya sauya: "she puts on airs" na nufin tana ɗagawa, tana hura hanci. Abin sha'awa, mu ma da iska muka kwatanta girman kan.

Ita kuwa "wind" hawa-hawa ce, kuma nan ne ake cin maki a insha'i. "Breeze" ita ce iska mai sanyi-sanyi da ke kaɗawa bayan la'asar, wadda take sa a fito da tabarma tsakar gida. "Gust" bugu ɗaya ce mai ƙarfi, ta zo ta kwashe zanin da aka shanya ta wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi. "Gale" kuwa mai ƙarfi ce mai ɗorewa. Waɗannan sunaye suna da ma'auni. A shekarar 1805 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara sikelin auna ƙarfin iska, wanda yau yake tashi daga 0 zuwa 12. A kansa "gale" tana mataki na 8, gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa. "Storm" tana mataki na 10, kilomita 89 zuwa 102. "Hurricane" ita ce ƙoli, daga kilomita 118 zuwa sama. Iskar farkon damina da ta yaye muku rufi, "storm" ko "strong wind" ta ishe ta. Kada ki kira ta "hurricane", domin wannan a kan teku mai ɗumi take haɗuwa. Guguwar da ke murɗa ƙura da leda a filin ƙwallo "whirlwind" ce.

Akwai wadda ɗalibai ba su cika sani ba: "draught", Amurkawa su rubuta "draft", furucin dai "diraft". Ita ce siririyar iska mai sanyi da ke kutsowa ta ƙasan ƙofa ko tsagar taga da hunturu. Hunturun kansa "harmattan" ne. Ki kuma riƙe cewa ana raɗa wa iska suna da inda ta fito, ba inda ta dosa ba. Ta hunturu "north-easterly wind" ce, don daga arewa maso gabas take tasowa, daga Sahara.

Babban ramin shi ne fassarar "shan iska". Babu "drink air", babu "receive breeze", ko da kin ji ana faɗa a titi. "Get some fresh air" ake cewa, ko "go for a walk". Ɗaki mai shan iska "airy" ne, wanda ba ya shan iska "stuffy". Rana mai yawan iska kuwa "windy". Kada ki musanya su.

Sauran na rubutu da furuci ne. "Breath" suna ce, numfashi, wasalinta gajere. "Breathe" aikatau ce, a ja wasalin, da "e" a ƙarshe. Ana yawan barin wannan harafin a jarrabawa, maki ya tafi a banza. "Wind" kuma biyu ce a rubutu ɗaya: ta iska, da wadda ake furtawa "waind", wato naɗe zare ko murɗa kan agogo don ya yi aiki. "Heir", magaji, furucinta daidai da "air", ba a jin "h" ɗin ko kaɗan, shi ya sa ake cewa "an heir".

"On air" a gidan rediyo na nufin shiri yana fita yanzu, a yi shiru. "By air" ta jirgin sama ke nan. "Airtime" asalinta lokacin da ake ba shiri a rediyo ko talabijin, mu muka fi saninta da katin waya. Sai ki yi hattara da "break wind" da "pass wind". Ba tare iska ba ne, ba wuce ta ba ne. Tusa ce, a cikin ladabi.