Tsohuwar ƙaramar mota: shan mai ne abin dubawa ko lafiyar inji?

Tambaya: Malam, na ɗan tara abin da na tara, na kuma ga motocin hannu guda biyu: Toyota Corolla ƙirar 2005 mai inji 1.8, da Honda Civic ƙirar 2004 mai inji 1.7. Mai Civic ɗin ya rantse mini cewa tasa shaƙar mai kawai take yi, ba sha ba. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, tunda nake ban taɓa jin mai sayar da mota ya ce tasa mashayiya ce ba, don haka ajiye rantsuwar nan a gefe. Motocin nan biyu, in suna da lafiya, duk wajen lita 7 zuwa 8 suke ci a kilomita 100, cikin cunkoso kuma su haura haka. Mu ɗauka ma ɗaya ta fi ɗaya da lita guda cur. In kana yin kilomita 15,000 a shekara, bambancin lita 150 ne, wato cikon tanki uku ke nan. Gyaran giya sau ɗaya tak zai lashe wannan ribar har ya nemi ƙari.

Saboda haka bar zancen mai, ka buɗe bonet. Injin Corolla ɗin, wanda ake kira 1ZZ-FE, sarƙa ce ke haɗa masa lokacin motsin bawul da na fistin, ba bel ba, kuma sarƙa takan daɗe. Lagonsa shi ne shan baƙin mai, musamman waɗanda aka ƙera a shekarun farko, saboda zoben fistin. Sa wani ya taka totur kai kana tsaye a baya. In ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, ka yi sallama. Civic kuwa bel gare ta, kuma in ya tsinke mota na tafiya, fistin kan daki bawul, sai aikin inji. Tambayi yaushe aka canza shi. In amsar ta zo da kame-kame, ka sa kuɗin sabon bel cikin lissafinka tun yanzu. Giyar otomatik ta Civic ɗin waɗannan shekaru ma ta sha ƙorafi, don haka ka tuƙa ta har ta yi zafi, ka ji ko tana fizga ko tana jinkirin shiga.

Ka je da sassafe, ka dafa bonet da tafin hannu. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da ita kafin ka iso, kuma inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: dole fitilar inji ta kama, sannan ta mutu bayan mota ta tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila wani ya cire mata ƙwai. Ka tafi da bakanikenka, ba na mai mota ba, ya jona na'urar bincike. Motocin Amurka tun 1996 suna da mahaɗar OBD-II, wato inda ake jona wannan na'urar, na fetur a Turai kuma tun 2001. Saye ba tare da wannan bincike ba cinikin biri a sama ne.

Ni dai in sun yi kunnen doki, Corolla zan ɗauka. Amma Civic mai takardun sabis ta fi mini Corolla da ba a san inda ta kwana ba.

Tambaya: Motata ta fara shan mai fiye da da, tun bayan da bakanike ya cire tamostat wai don kada ta riƙa zafi. Shin in sayar da ita in sayi wata?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki sayar da kare ki sayi biri, tsugune ba za ta ƙare ba. Ai kin ambaci mai laifin da bakinki. In babu tamostat, wato abin da ke tsare ruwan sanyaya inji har sai ya yi zafi, inji yakan jima bai kai zafin da aka tsara masa ba, kwamfutar mota kuma sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa mai. A mayar da sabo, a nemo ainihin abin da ke kawo zafin: lagireto, fanka ko famfon ruwa.

Sannan ki auna, ki daina dogara da allurar tanki. Cika tanki har famfo ya katse, ki mayar da ƙidayar tafiya sifili. Ran da kika sake cikawa, raba litar da ta shiga da kilomitar da kika yi, ki ninka da 100. Lita 36 a kilomita 400 ya ba ki lita 9 ke nan. Yi haka sau uku kafin ki yanke hukunci.

In har yanzu tana sha, a duba iskar taya, fulogi da na'urar auna iskar salansa. Kada a manta da birki. Na taɓa shafe watanni ina zargin injin tawa motar, har ran da na tsuguna bayan 'yar gajeriyar tafiya na kai yatsa kusa da wilin baya, na ji shi kamar garwashi. Ashe birki ne ya maƙale, ina jan sa duk inda na nufa.

Tambaya: Abokina ya ce in riƙa sakin giya a gangara don rage shan mai. Gaskiya ne?

Amsa: A zamanin kafireta, wataƙila. Motar da ke da injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfuta kan yanke man gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya inji. Da ka saki giya kuwa, sai an ba inji mai don kada ya mutu, ga nauyin motar duka ya koma kan birki. Bar ta a giya.