Surukina Bagirke ne: ko zan iya raɗa wa ɗana sunansa, Aleksandros?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a birnin Atina na ƙasar Girka, shekara tara ke nan. Matata 'yar ƙasar ce, ta musulunta tun kafin mu yi aure. Ɗanmu na fari sunan mahaifina ya ci. Yanzu tana da tsohon ciki, likita ya ce namiji ne, kuma a al'adarsu ɗa na biyu sunan kakansa na wajen uwa ake ba shi. Sunan tsohon Aleksandros, Kirista ne, yana raye, bai taɓa nuna mini ƙyama ba. Wani abokina ya ce kada in yi wata-wata, ai sunan Zulƙarnaini ne na Suratul Kahfi, har lada zan samu. Wani kuma ya ce sunan arna ne, haramun ne. Surukata tana ta murna, har ta ce a ƙarshen Agusta za ta kai shi a tabbatar masa da sunan, a riƙa yi musu biki shi da kakansa duk shekara. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sauke ta lafiya, ya raya muku.

Ɗan'uwa, sunan kansa ba shi da laifi. Abokinka na biyu ya yi gaggawa, na farkon kuma ya jingina ka da katangar da ba ta da tushe. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar surukarka, wadda ka maƙala a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba ce. Zan dawo kanta.

Aleksandros kalmomi biyu ne na Girkanci aka haɗa, ɗaya tana nufin karewa ko tunkuɗe sharri, ɗayar tana nufin namiji. Mai kare mutane ke nan, ko ka ce garkuwar maza. Ya girmi addinin Kirista nesa ba kusa ba, domin an tono wata yarjejeniya da sarkin Hittiyawa ya ƙulla da wani sarki Alaksandu a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, wajen shekara ta 1280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da sunan ya shiga bakin Larabawa sai suka ɗauki "al" ɗin farkonsa a matsayin alif da lam irin nasu, suka ce Al-Iskandar, daga baya ya zama Iskandar. A Indiya da Pakistan Sikandar suke cewa.

Na fara da ma'ana ne saboda sunayen Girkawa da yawa aƙida ce a dunƙule. Kiristodulos bawan Almasihu ne, Diyonisiyos an jingina shi ga gunkinsu na giya, Isidoros kuwa "kyautar Isis", gunkiyar Masarawan dauri. Da ɗayansu ne sunan surukinka, da a'a zan ce maka in rufe littafi. Naka ba ya cikinsu. Rashin zamansa Larabci ma ba ya hana, ga Fairuz Addailami sahabi ne da sunan Farisawa, ba a canja masa ba. Ibnul Ƙayyim ya kasa sunaye uku: na Musulmi zalla, na waɗanda ba Musulmi ba zalla irin su Buɗrus da Jirjis, da waɗanda aka yi tarayya a kai. Iskandar ya daɗe da faɗawa kaso na uku. Sikandar Lodi ya mulki Delhi daga 1489 zuwa 1517, Iskandar Muda ya riƙe sarautar Musulunci ta Aceh a tsibirin Sumatra daga 1607 zuwa 1636, kuma har gobe ana raɗa shi a Malesiya da Indonesiya. Don haka ka rubuta Iskandar a takardar haihuwa. Wanda ya ji Aleksandros ko Aleks ba zai kawo Musulmi a ransa ba. In kakanninsa sun kira shi da lafazin bakinsu a gida, ba ka da laifi.

Batun Zulƙarnaini kuwa sai na ɗan zauna a kansa, don ba abokinka ne ya ƙirƙiro shi ba. Ibn Hisham ya faɗa, Fakhruddin Arrazi ma ya ƙarfafa shi da cewa sarkin da ya ci gabas da yamma ba zai ɓuya ga marubuta tarihi ba, kuma ba a san wani mai wannan siffa ba sai Iskandar ɗan Filibus, sarkin Makidoniya. Amma shi kansa Arrazi bai tashi daga wurin ba sai da ya ce akwai mushkila mai ƙarfi a ciki, tun da mutumin almajirin Aristotal ne, masanin falsafar Girkawa. Ibn Taimiyya da Ibn Kasir kuwa sun raba su biyu ƙarara, kuma nan nake.

Ka ɗora mutanen biyu a sikeli. Na cikin Alƙur'ani yana gargaɗin azzalumi da cewa za a mayar da shi ga Ubangijinsa, da ya gama gina katangar ƙarfe kuma cewa ya yi wannan rahama ce daga Ubangijina. Shi kuwa Iskandar ɗan Filibus na Makidoniya, wanda aka haifa a Pella a 356 ya mutu a Babila a 323 kafin haihuwar Annabi Isa, bai cika shekara 33 ba, rayuwarsa a rubuce take. Yana yanka wa gumakan Girkawa, Zeus da Atena. A 335 ya rushe birnin Tibis na 'yan'uwansa Girkawa, ya sayar da mutanensa bayi. Kewaye birnin Taya da ya yi wata bakwai a 332, mafarinsa hana shi yanka da aka yi a ɗakin gunkin garin. A 328, a Samarƙand, ya soke amininsa Kilaitus da mashi a wurin shan giya, mutumin da ya taɓa ceton ransa a fagen fama.

Babbar hujjar masu wancan ra'ayi ita ce ƙaho biyu, domin ma'anar Zulƙarnaini ita ce mai ƙaho biyu, kuma akwai tsoffin kuɗaɗen azurfa da aka buga da hoton kansa, ga ƙahon rago ya naɗe bayan kunnensa. To daga ina ƙahon ya fito? A 331 ya keta hamada zuwa Siwa a yammacin Masar, inda bokan gunkin Amun ya tarbe shi da kirarin ɗan Amun, shi kuwa Amun da ƙahon rago ake siffanta shi. Ashe ƙahon tambarin da'awar zama ɗan gunki ne. Yaya za a ɗauki wannan a ce shi ne shaidar bawan da Allah ya yaba? Ko tafiyar ma ba ta yi daidai ba: ta gabas ya tsaya a kogin Biyas na ƙasar Indiya a 326 da rundunarsa ta ƙi gaba, ta yamma ko Rum bai taka ba. Labarin ƙofar ƙarfe da ake jingina masa ƙarnuka bayan mutuwarsa ya ɓulla. Wasu sun ce Zulƙarnaini sarkin Himyar ne na Yaman, Abul Kalam Azad ya ce Sairus ne na Farisa. Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba, ni ma ba zan faɗa ba. Ka dai cire lada daga lissafinka. Suna ne halal kamar sauran halal, Abdullahi da Abdurrahman sun fi shi.

Yanzu ga surukarka. A cocin Otodoks na Girka, wurin baftisma ake furta sunan yaro: a tsoma shi cikin ruwa sau uku, a shafe shi da mai, wani Kirista ya tsaya masa a matsayin uba na addini. Ranar 30 ga Agusta kuwa ita ce ranar wani waliyyinsu Aleksandros, shugaban cocin Kustantiniyya (Istanbul ta yau) na ƙarni na 4, kuma duk mai sunan a ranar yake bikinsa. Ina kyautata zaton wannan take nufi da "tabbatar da suna". Idan haka ne, haramun ne ka yarda, babu saɓani, ko an ce maka al'ada ce kawai ta faranta wa tsofaffi. Dokar ƙasar ba ta tilasta ka ba, ana rajistar suna a ofishin hukuma ba tare da baftisma ba. Bikin shekara-shekarar ma kada a sa yaron a ciki. Ka tambaye ta ƙarara tun kafin haihuwa, a gaban matarka. Idan ka ga sunan nan shi zai zama igiyar da za a ja yaron da ita zuwa coci, yau ko bayan idonka, to a haƙƙinka hukuncin ya juya, ka bar shi ka zaɓi wani.

Kada kuma ka shiga maganar da zafi. Gaskiya ne in an yi saɓani uba ke da haƙƙin raɗa suna, amma matar nan ta bar addinin gidansu, ta bar ka ka sa wa na fari sunan mahaifinka, yanzu abu ɗaya ta roƙa. Ka je wurin tsohon da kanka, ka ce masa ka ba jikansa sunansa don girmama shi, a bakin Musulmi Iskandar ake faɗa, kuma rana ta bakwai za ka yanka rago ka kawo masa nama. In yanka ya yi wuya a can, ka aika gida a yanka a ranar. Ka kuma lura da wanda yake wuni da yaran idan kun fita aiki.

Wani abu da surukanka ba za su taɓa hangowa ba: ranar da ka kawo shi gida, yaran unguwa za su gutsure sunan su bar "Iska", ka kuwa san abin da ke biyo bayan wannan a bakin Bahaushe. Tun da sunan kaka ya ci, dama sai an sakaya. Ku sa masa Abba ko Khalifa tun yana cikin zani, ya bi shi.

Allah ne mafi sani.