Kun Tambaya Mun Amsa: Takardar likita wajen neman bizar ritaya, wane ciwo ne ke hana mutum?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar dattawan da suka ajiye aiki suke so su koma wata ƙasa da zama, da takardar likitan da ake cewa sai sun kawo. Toh bismillah.

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne na yi ritaya, shekarata 63, ɗana yana zaune a Bankok babban birnin Tailan shi da iyalinsa yana harkar kaya, ya matsa min lamba in koma can kusa da jikoki wai akwai bizar ritaya, to ni kuma ina da hawan jini da suga kullum ina kan magani, kuma an ce dole sai da takardar likita. In gwada ko in haƙura kawai kar in yi asarar kuɗi? Mai karatunku daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ka gwada, hawan jini da suga ba sa cikin abinda takardar take nema, sam.

Bizar da ɗanka yake magana ita ce wadda Tailan ke kira O-A, ta ɗan shekara 50 zuwa sama ce, ana ba da zaman shekara ɗaya ana sabuntawa, kuma ba a yarda ka yi aiki da ita ba. Takardar likitan nata kuwa cuta biyar kacal take tambaya: kuturta, tarin fuka, tundurmi wato wannan kumburin ƙafa, jarabar ƙwaya, sai tunjere da ya kai mataki na uku. Shikenan. Wannan jerin ba jiya aka rubuta shi ba, yana cikin wata dokar ma'aikata mai lamba 14 ta shekarar 2535 a lissafinsu na mabiya Buda, wato 1992 a namu, shi yasa idan ka ga 2535 a jikin fom kar ka ɗauka kuskuren bugu ne. Ka lura da irin cututtukan, waɗanda ake tsoron ka ɗauko ka kawo wa mutanensu ne ko su ja masu matsala a gari. Ƙasar da za ka je ba wai tana so ta ji ko kai garau kake ba Baba, ai sun san ɗan shekara sittin da wani abu ba ya rasa ɗan ciwon gwiwa da ƙwayoyin safe da dare, don dattawa aka yi bizar ma tun farko.

Inda suga da hawan jinin za su tare ka shine wajen inshora, kuma nan ne mutane ba sa dubawa sai sun kashe kuɗi sun gama. Tun ƙarshen Oktoban 2019 Tailan ta wajabta inshorar lafiya ga mai O-A, da farko bat (kuɗin Tailan) 400,000 na kwanciya asibiti da bat 40,000 na ganin likita a tafi gida, daga baya aka ɗaga ta koma bat miliyan 3 ko dala 100,000. Kamfanonin inshora kuma su ba ruwansu da jerin cuta biyar, tambayarka za su yi filla-filla yaushe aka gano sugan, wane magani kake sha, an taɓa kwantar da kai, sannan galibi su ce duk ciwon da ka zo da shi ba za su biya ba, kuɗin kuma kullum hawa yake da shekaru, wasu ma idan mutum ya haura saba'in ba sa karɓar sabon shiga. Toh ka ga ke nan za ka iya samun biza lafiya lau amma maganin suganka da duk abinda sugan ya janyo daga aljihun ɗanka zai fita. Wannan zaman ya kamata ku yi da shi kafin komai, ku ɗauki biro da takarda.

Ga kuma sauran kayan: bat 800,000 a asusun banki ko shaidar fansho na bat 65,000 duk wata, takardar 'yan sanda cewa ba ka da laifi, sannan mu 'yan Najeriya akwai takardar wankewa ta hukumar NDLEA da ake nema wajen bizar Tailan, da katin allurar shawara. Maganar fanshon nan kam, mu faɗi gaskiya, da yadda naira take yanzu ba kowane tsohon darakta ba ne fanshonsa zai kai, yawanci hanyar ajiyar banki ake bi. In ka sauka kuma duk kwana 90 sai ka sanar da imigireshin inda kake zaune.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, takardar likitan nan ka bar ta ƙarshe. Wata uku kawai take aiki daga ranar da likita ya sa hannu, mu kuma al'adarmu ita muke fara yi saboda ita ce mai sauƙi, sai mutum ya shiga zaryar 'yan sanda da banki da Abuja, kafin ya haɗa komai ta mutu a cikin fayil. Ka fara da masu jan lokaci, ka sauko da fom ɗin da ofishin jakadancinsu na Abuja ya ce a yi amfani da shi, in komai ya kusa kammala sai ka shiga asibitin koyarwa na Shika tunda kana Zariya, ko wani asibitin gwamnati mai rajista. Ka tsaya a gaban likitan ka duba da idonka: sunanka ya zama harafi da harafi kamar na fasfo, in fasfo ya ce Muhammad kar a rubuta Mohammed, lambar fasfo, kwanan wata, sunan likita da lambar rajistarsa ta MDCN, wato hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, sa hannu, da hatimin asibiti wanda ake iya karantawa ba wanda tawada ta dagule ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Mahaifiyarmu ta yi tarin fuka shekaru da yawa da suka wuce, ta sha maganin wata shida ta warke sarai, yanzu yayanmu da ke Dubai yana son ya nema mata zaman ritaya a can. Wata ƙawata tace wai tabon huhu kawai ya isa a koro mutum, da gaske ne? Ƙanwarku daga Gombe.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, a gaida Mama. Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi ban tsoro a cikin na yau.

Tsarin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, daban yake da na Tailan. Bizar ritayarsu ta ɗan shekara 55 ce zuwa sama, shekara biyar ana sabuntawa, Dubai ta ƙaddamar da nata shirin a 2020. Amma su ba takardar likitanki na gida suke dogara da ita ba, sai kin shiga ƙasar tukunna a kai ki cibiyar gwajin da gwamnati ta amince da ita, a ɗebi jini a duba ƙanjamau, a ɗauki hoton ƙirji a duba tarin fuka. Shi kuma hoton ƙirji bai san labari ba, tabo kawai yake nunawa, wanda ya warke shekara ashirin da wanda ke tari yanzu duk za a iya ganin inuwa a saman huhu. A 2016 sun sassauta dokar ga waɗanda dama suna zaune suka zo sabunta iƙama, ana iya ba su ta shekara ɗaya bisa sharaɗin bibiya da magani, amma ga sabon mai nema har yanzu sun fi tsanani.

Abinda zan ce ku yi shine kar Mama ta hau jirgi sai kun riga su ganin abinda za su gani. Ku kai ta a ɗauki hoton ƙirji a nan gida, likitan ƙirji ya karanta ya rubuta rahoto, in akwai tabo a yi gwajin majina na GeneXpert a tabbatar babu ƙwayar cutar, ku koma cibiyar DOTS, wato cibiyar ba da maganin tarin fuka, inda ta karɓi magani ku nemo katinta ko a rubuta muku shaidar ta kammala ta warke. Na san katin nan mai yiwuwa yana ƙarƙashin wata adaka ko ya bi ruwa, amma rajistar asibiti takan rayu, ku je ku yi haƙuri da masu fayil. Sai yayan naku ya ɗauki waɗannan ya je hukumar lafiya ta Dubai da kansa ya tambaya matsayin mahaifiya mai tsohon tabo, ya tambaya har da bambancin bizar ritaya da ta ɗauko iyaye a ƙarƙashinsa don hanyoyi biyu ne daban, kafin ya biya ko sisi. Ba na ce muku takardun za su tilasta su yarda ba, hukunci nasu ne, amma gara a ji a'a tana Gombe kan gadonta da a ji ta bayan an kashe kuɗin tikiti da haya an yi sallama da dangi.

TAMBAYA: Wani ejan yace in turo masa hoton fasfo da kuɗi zai haɗo min takardar likita har da hatimi ba sai na je asibiti ba, tunda ai lafiyata ƙalau. Bizar ƙasar Sifen nake nema. Daga Kano.

AMSA: A'a ɗan'uwa. Tunda lafiyarka ƙalau me zai hana ka je a duba ka a rubuta ta gaske? Ofishin jakadanci na iya kiran asibiti ya tambaya, in aka ce ba a san da takardar ba an hana ka biza kuma sunanka ya shiga kwamfuta a matsayin mai jabu, ejan kuwa wayarsa a kashe.

Kuma ta Sifen ma ba irin wadda ejan zai zauna ya tsara ba ce. Bizar zama ba tare da aiki ba da masu ritaya ke nema a can, takardar likitanta dole ta ƙunshi wata magana takamaimai, cewa ba ka ɗauke da cutar da za ta iya zama babbar barazana ga lafiyar jama'a bisa dokokin lafiya na duniya na shekarar 2005, in likita ya rubuta "yana cikin ƙoshin lafiya" kawai ya sa hannu, dawo maka da ita za a yi. Ita ma kar ta wuce wata uku, kuma sai an fassara ta zuwa Sifaniyanci a wajen tafintan da suka amince da shi. Sannan Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Apostille wadda ke sa hatimi ɗaya ya wadatar, don haka takardunmu sai sun bi ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja a tantance sannan ofishin jakadanci ya ɗora nasa, ka ga wata ukun nan ba su da yawa.

TAMBAYA: Malam ni burina in ƙare rayuwata a Madina. Akwai bizar ritaya ta Saudiyya, kuma me suke dubawa? Sannan shekarata 68 ban taɓa allurar shawara da na sani ba, an ce tana da haɗari ga tsofaffi. Hajiya daga Sakkwato.

AMSA: Allah ya cika buri Hajiya. Saudiyya ba ta da biza mai sunan ritaya kamar su Tailan, abinda ke kusa da ita shine iƙama ta musamman da suka fito da ita a 2019 wadda ba ta buƙatar kafili, riyal 800,000 a biya sau ɗaya ta dindindin, ko riyal 100,000 duk shekara. Ita ma da rahoton likita cewa babu cuta mai yaɗuwa, wanda bai wuce wata shida ba. Duk wanda ya ce miki ki shiga da bizar Umara ki zauna a gyara daga baya, wannan sunansa zaman takari, kuma ba shi ne zaman da ya dace da mai shekara 68 mai buƙatar ganin likita ba.

Maganar allura kuwa, in kin taɓa zuwa Hajji ko Umara daga Najeriya ki duba jakar fasfonki da kyau, da wuya ba a yi miki ba. In an taɓa yi sau ɗaya ya wadatar, tun Yulin 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce shaidar ta zama ta har abada, ba sabuntawa duk shekara goma kamar da, sai dai tsohon katin ki kai ofishin lafiya na filin jirgi a duba maganar sabon mai lamba da aka koma tun 2019. In kuma da gaske ba a taɓa yi ba, eh, wanda ya haura 60 ya fi matasa haɗarin samun matsala daga allurar farko, ba kasafai ba ne amma akwai, don haka likita ne zai duba ki ya yanke, musamman in kina shan maganin da ke rage garkuwar jiki. In ya ga bai dace ba yana iya rubuta takardar uzuri, amma ki tambayi ofishin jakadancin ko za su karɓa tun kafin ki dogara da ita. In ya ce a yi, ki yi da wuri, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da allurar.